Fashin Baƙi: Abin da Kuɗin Tikitin Jirgin Ruwan Shaƙatawa Ya Ƙunsa da Abin da Ya Rage a Wuyan Fasinja

A 'yan shekarun nan tallan tafiyar shaƙatawa a jirgin ruwa ya fara shigowa wayoyin mutanen Kano, musamman waɗanda suka saba fita Dubai, Alƙahira ko Saudiyya domin kasuwanci ko ibada. Tallan yakan zo ne da hoton jirgi fari ƙal mai hawa-hawa, da jerin garuruwa biyar ko shida, da farashi guda rubuce da manyan lambobi: kwana bakwai a kan dala kaza. Duk wanda ya taɓa kama ɗaki a otal a ƙasar waje, ya sayi abinci sau uku a rana, ya biya kuɗin mota daga gari zuwa gari, idan ya ga wannan adadi zai ɗauka banza ce ta faɗi. Farashin ba ƙarya ba ne, amma kuma ba shi ne kuɗin tafiyar ba. Ga mutumin da zai taso daga Kano, tikitin jirgin ruwan yakan zama ƙaramin kaso na abin da zai fita daga aljihunsa, kuma sauran kuɗaɗen ba iri ɗaya ba ne: akwai waɗanda ba makawa sai an biya, akwai waɗanda mutum ne yake jawo wa kansa.

Kafin a shiga rarrabewa, yana da kyau a fahimci dalilin da ya sa aka tsara farashin haka. Manyan kamfanonin wannan harka, irin su Carnival da Royal Caribbean, suna bayyana kuɗin shigarsu duk shekara, kuma alƙalumansu sun nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku ba daga tikiti yake fitowa ba, daga abin da fasinjoji suka kashe ne bayan sun shiga jirgi da sauran hidimomi makamantansu. A 2023 kamfanin Carnival ya samu dala biliyan 21.6, kuma sama da biliyan 7 daga ciki ta wannan hanya ta biyu suka shigo. Ɗakin da jirgi ya tashi da shi babu kowa asara ce da ba ta dawowa, domin man da za a ƙona da ma'aikatan da za a biya ba sa raguwa. Saboda haka kamfani ya gwammace ya sassauta tikiti ya cika jirginsa, sannan ya ci ribarsa a kan abin sha, intanet, yawon gari da sauransu. Jirgi kamar Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600 da ma'aikata kimanin 2,350. Gari ne guda a kan ruwa, kuma duk kantunan da ke cikinsa na mai gida ɗaya ne.

Mutanenmu ba baƙi ba ne ga irin wannan tsari. Wanda ya taɓa biyan kujerar Umra ta hannun ejan ya san cewa ba a tsayawa ga jin farashi, sai an tambaya ko da abinci a ciki, ko da motar Madina, ko da ziyara, da kuma nisan masauki daga Harami. Irin wannan bin diddigin ake buƙata a nan, sai dai tambayoyin ne suka sha bamban.

Abin da tikiti ya ƙunsa ba kaɗan ba ne, kuma adalci ne a faɗi haka. Ya ƙunshi ɗakin kwana da banɗakinsa, da ma'aikacin da zai riƙa gyara shi kullum yana canza tawul. Ya ƙunshi ɗaukar fasinja daga tasha zuwa tasha, wanda galibi cikin dare ake yi, mutum ya kwanta a wata ƙasa ya wayi gari a wata ba tare da ya sake ɗaure kaya ba. Ya ƙunshi abinci safe, rana da dare a babban ɗakin cin abinci, inda ake zama a kawo wa mutum takardar zaɓi, da kuma wurin ɗebi-da-kanka, inda ba mai ƙirga faranti nawa aka ci. Ruwan sha na famfo, shayi, kofi na gama-gari da ɗan ruwan 'ya'yan itace lokacin karin kumallo duk suna ciki. Haka wuraren ninƙaya, ɗakin motsa jiki, wasannin da ake yi a dandali da daddare, da wurin kula da yara da rana. Mutumin da ya ƙudurta cewa ba zai sayi komai ba yana iya yin mako guda a ƙoshe, cikin walwala, ba tare da an ce ya kawo ko sisi na abinci ba.

Matsala ta farko tana cikin farashin kansa. Adadin da ake tallatawa na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin cewa mutum biyu ne za su kwana a ɗakin, kuma kusan kullum na ɗaki mafi araha ne, wato na tsakiyar jirgi wanda ba shi da taga ko ɗaya. Ɗaki mai taga ya fi shi tsada, mai baranda ya fi mai taga, sannan manyan ɗakuna masu falo su zo a sama. Wanda zai tafi shi kaɗai ana caje shi ƙari, wanda sau da yawa yakan kai kuɗin mutum na biyu cif. Wasu jirage suna da ƙananan ɗakuna na mutum ɗaya, kamar yadda kamfanin Norwegian ya fito da su a jirginsa Epic a 2010, amma ba su da yawa kuma suna saurin ƙarewa. Ga mai iyali kuwa, lissafin ya fi haka nauyi, domin yawancin ɗakuna ba sa ɗaukar fiye da mutum huɗu. Magidanci mai mata da 'ya'ya biyar ɗaki biyu zai kama, kuma mutum biyun farko a kowane ɗaki cikakken kuɗi za su biya ko da ɗayansu yaro ne. Idan aka ga talla ya ce yara kyauta, abin da ake nufi shi ne an yafe musu kuɗin gado idan sun zama na uku da na huɗu a ɗakin iyayensu, amma haraji yana nan a kansu, haka galibi tukwicin ma'aikata.

Harajin nan da kuɗin tasha su ne na biyu. Kowace tashar da jirgi ya tsaya tana karɓar kuɗi a kan kowane kai, kamfani kuma yana tattara su ya ɗora wa fasinja. A da, kamfanonin Amurka sukan ɓoye wannan adadi sai mutum ya zo matakin biya. Daga 1 ga Yulin 2024 wata doka ta jihar Kalifoniya ta wajabta nuna cikakken farashi tun farko, abin da ya sa manyan kamfanoni suka koma haɗa haraji cikin adadin da suke tallatawa a Amurka. Amma ejan da ke Kano ko Legas ba ya ƙarƙashin wannan doka, saboda haka tambayar farko da za a yi masa ita ce ko farashinsa da haraji a ciki ko babu. Kuma garuruwan da masu yawon buɗe ido suka yi wa yawa sun fara ƙara nasu: tun daga bazarar 2025 ƙasar Girka tana karɓar yuro 20 a kan kowane fasinja da ya sauka a tsibiran Santorini da Mikonos a lokacin cunkoso. Akwai kuma wani sharaɗi da ke kwance cikin yarjejeniyar tikiti wanda mutane ba su cika karantawa ba, wato ikon kamfani na ƙara kuɗin mai idan farashinsa ya tashi. A yarjejeniyar Carnival an rubuta har dala 9 a kan kowane mutum a kowace rana idan gangar ɗanyen mai ta haura dala 70. Ba kasafai ake amfani da shi ba, amma yana rubuce.

Na uku shi ne tukwicin ma'aikata, kuma a nan ne aka fi samun saɓani tsakanin fasinja da kamfani. A kamfanonin Amurka ana ɗora wa kowane fasinja wani adadi tsayayye a kowace rana, ba tare da an tambaye shi ba. Norwegian ya kai nasa dala 20 a Janairun 2023, Carnival ya kai dala 16 a Afrilun 2023, Royal Caribbean kuma ya mayar da nasa dala 18.50 a Nuwamban 2024, masu manyan ɗakuna kuma sun fi haka biya. Adadin yana hawa ne lokaci zuwa lokaci, ba ya sauka. Idan aka ɗauki dala 18, miji da mata a kwana bakwai za su biya dala 252, iyali mai mutum shida kuma dala 756. Wasu kamfanonin Turai sun bi wata hanyar. P&O Cruises na Ingila ya daina karɓar wannan kuɗi dabam tun 2019, ya shigar da shi cikin tikiti.

A wasu jiragen fasinja yana iya zuwa teburin kula da baƙi ya nemi a rage ko a cire tukwicin, kuma akwai masu ba da wannan shawara a matsayin dabarar tsimi. A ganina wannan ba daidai ba ne. Kuɗin ana raba shi ne tsakanin mai gyaran ɗaki, masu kawo abinci, da waɗanda fasinja ba zai taɓa gani ba, kamar masu wankin zannuwa da masu wanke kwanuka a can ƙasan jirgi. Yawancinsu daga Filifin, Indonesiya da Indiya suke, suna yin watanni shida zuwa tara ba su ga iyalinsu ba, suna aiki kwana bakwai a mako, kuma an gina albashinsu ne bisa tsammanin wannan kuɗi zai shigo. Ana iya sukar kamfani da cewa ya raba albashin ma'aikatansa da farashin da yake tallatawa don tikiti ya yi kamar yana da araha, kuma sukar tana kan hanya. Amma idan fasinja ya cire tukwicin, ba kamfani ya hukunta ba, mutumin da ya yi mako yana share masa ɗaki ya tauye wa haƙƙi. Abin da ya fi dacewa shi ne a lissafa shi tun a gida a matsayin wani ɓangare na tikiti, a biya shi kafin tafiya idan an ba da dama, domin hakan yana kare mutum daga ƙarin da za a iya yi kafin ranar tashi.

Daga nan sai kuɗaɗen zaɓi, kuma mafi girmansu a wajen yawancin fasinjoji shi ne abin sha. Lemon kwalba, ruwan gora, matsattsen ruwan 'ya'yan itace da kofi na musamman duk na kuɗi ne, kuma a kan kowane abin sha ana ƙara kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari na hidima. Idan aka kawo takardar sa hannu, za a ga farashin, a ƙasansa ƙarin hidima, a ƙasansa kuma wani layi da aka bari fili na ƙarin tukwici. Wanda bai lura ba sai ya cike wannan layi, ya biya sau biyu. A wasu jiragen Turai ko ruwan da za a kawo a teburin cin abincin dare na gora ne na sayarwa, na kyautan yana wurin ɗebi-da-kanka. Kamfanoni suna sayar da damin abin sha na kwanakin tafiya gaba ɗaya, kuma iri-iri ne: akwai na lemo zalla, akwai wanda ya haɗa da kofi da ruwan gora, akwai mafi tsada wanda ya haɗa da giya.

A nan Musulmi yana buƙatar buɗe ido sosai. Da yawa daga cikin tallan da ke cewa komai yana ciki, babban abin da suka ƙara a kan tikiti shi ne damin giya, kuma shi ne ya ɗaga farashin. Mutumin da ba ya sha, idan ya sayi irin wannan tikiti, ya biya kuɗin abin da ba zai taɓa ba, bayan kuma batun halaccin biyan tun asali. Akwai ma kamfanin da yakan ba da damin a matsayin kyauta amma ya caji fasinja kuɗin hidimarsa, wanda shi kaɗai yana iya kai dala ɗari da wani abu a mako. Ana iya ƙin karɓar kyautar lokacin yin rajista, amma sai an san da ita. Abin da ya fi wa irinmu shi ne tikiti tsura, sannan a ƙara damin lemo idan akwai yara ko mai yawan shan sanyi. Wasu kamfanoni suna barin fasinja ya shiga da gwangwani ko gora goma sha biyu na abin sha marar giya a ranar farko, amma ƙa'idar ta bambanta, don haka sai an karanta ta kamfanin da aka zaɓa.

Batun abinci ma yana da nasa. Ban da wuraren kyauta, kowane babban jirgi yana da gidajen abinci na musamman, na gasasshen nama, na abincin Jafan, na Italiya, waɗanda ake biya a kan kowane kai. Ba dole ba ne, kuma mutum ba zai rasa komai ba idan bai leƙa ba. Kai abinci ɗaki kuma a jirage da yawa yanzu yana da kuɗin aike, in ban da ɗan karin kumallo marar nauyi. Abin da ya fi muhimmanci a gare mu shi ne naman halal. Ba kowane jirgi ne ke ɗauke da shi ba, kuma inda ake samu, ana buƙatar sanar da kamfani makonni kafin tafiya. Naman alade yana nan a wurin ɗebi-da-kanka, wasu miyoyin da kayan zaƙi kuma ana dafa su da giya. Kifi, ƙwai, ganyayyaki, shinkafa da taliya suna wadace kullum, kuma shugaban masu kawo abinci zai faɗi abin da ke cikin kowane girki idan an tambaye shi. Amma magidancin da ya biya tikiti yana tunanin nama sau uku a rana ya kamata ya san cewa wani ɓangare na abin da ya biya ba zai ci ba.

Intanet na kuɗi ne, kuma ana lissafa shi a kan kowace waya a kowace rana. Ingancinsa ya ƙaru tun da jirage suka koma amfani da Starlink, wato intanet mai bi ta tauraron ɗan'adam, wanda Royal Caribbean ya fara ɗaurawa a 2022, amma farashinsa bai sauko ba. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa da ba zai iya wuni bai ji halin shago ba ya sa wannan cikin lissafi tun farko. Haɗarin da ya fi wannan shi ne barin layin waya a buɗe. Da zarar jirgi ya yi nisa da gaɓa, wayar tana kama hanyar sadarwa ta jirgin mai bi ta tauraron ɗan'adam, wadda ake caji da tsada ƙwarai. A kashe layi, a bar wayar a kan intanet ɗin jirgi kawai, sai an sauka a tasha.

Yawon gari shi ne wanda ya fi cancantar a kashe masa kuɗi, domin shi ne dalilin tafiyar. Tikiti yana kai mutum bakin tasha ne kawai. Sauka galibi kyauta ne, haka jirgin fiton da ke kai mutane gaɓa inda babban jirgi ba ya iya matsawa, amma daga nan komai a wuyan fasinja yake. Wasu tasoshin kuma nesa suke da garin da aka rubuta a talla. Idan aka ce Roma, jirgi yana tsayawa ne a Cibitabekiya, kimanin kilomita 80 daga birnin, sai an hau jirgin ƙasa ko mota. Kamfani yana sayar da nasa yawon da mota da ɗan rakiya, kuma ya fi na 'yan gari tsada. Abin da ake saye da wannan ƙarin shi ne tabbacin cewa idan motar kamfani ta makara jirgi zai jira ta, ko kamfani ya ɗauki nauyin kai mutum tasha ta gaba. Wanda ya fita da kansa ya makara, jirgi ba ya jiransa. Ana son kowa ya dawo kimanin rabin awa kafin tashi, kuma agogon jirgi ake bi, wanda wani lokaci yakan saɓa da na gari. Wanda aka bari shi zai nemi hanyar cim ma jirgi da kuɗinsa, kuma ga mai fasfon Nijeriya wannan na iya nufin ƙetare iyakar da ba shi da bizarta. A garin da tasha ke kusa da tsakiyarsa, kamar Basalona, fita da kai ba laifi. A inda akwai tafiyar awa ɗaya ko biyu, ina ganin biyan na kamfani ya fi kwanciyar hankali.

Wanki da guga, aski, gyaran gashi, tausa, hotunan da masu hoton jirgi ke ɗauka a bakin ƙofa, wasannin kwamfuta na yara da kula da su bayan dare ya yi, duk na kuɗi ne. Gidan caca kuwa ba sai an tsaya a kansa ba.

Asibitin jirgi ya bambanta da waɗannan, domin ba wanda ke zaɓar rashin lafiya. Akwai likita da ma'aikatan jinya, amma ganin likita da magani duk ana caji, kuma da tsada. Idan ciwo ya yi tsanani har aka sauke mutum a wata ƙasa, kuɗin asibiti da na komawa gida nasa ne. Inshorar tafiya a nan ba ado ba ce, kuma sai an tabbatar cewa ta ƙunshi jinya a kan teku da ɗauko marar lafiya. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ɗauki maganinsa da rara, a jakar hannu. Haka kuma kamfanoni ba sa ɗaukar mace mai ciki da za ta shiga mako na 24 kafin ƙarshen tafiya, ko jaririn da bai kai wata shida ba, kuma wanda aka mayar daga bakin jirgi saboda wannan ba a mayar masa da kuɗi.

Duk waɗannan kashe-kashe suna bi ne ta hanya ɗaya. A ranar shiga ana ba kowane fasinja kati mai sunansa, wanda shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuma jakar kuɗi. Ba a karɓar tsabar kuɗi a kantunan jirgi, kati kawai ake miƙawa. Sauƙin abin shi ne haɗarinsa, musamman idan yara ma katinsu yana buɗe. A daren ƙarshe ake fitar da jimla, kuma a lokacin ne layi ke tsawo a teburin kula da baƙi, kowa riƙe da takarda yana bin ta da yatsa. Ana iya duba asusun kullum a talabijin ɗin ɗaki ko a manhajar kamfani, ana kuma iya sa wa katin yara iyaka ko a rufe shi. Asusun ana jingina shi ne da katin banki, kuma kamfani yakan riƙe wani adadi tun ranar farko, wanda sakinsa kan ɗauki kwanaki bayan an sauka. Katin naira yana da iyakar abin da zai iya kashewa a waje, don haka abin dogara shi ne katin asusun dala, ko kuma a ajiye tsabar dala ko yuro a teburin jirgi a riƙa cirewa. Wanda zai canza kuɗi a Wapa ya fara tabbatar da kuɗin da jirginsa ke aiki da shi, domin jiragen kamfanonin Amurka dala suke amfani da ita ko a Turai suke, yayin da na kamfanonin Italiya a Bahar Rum suke amfani da yuro.

Sai dai ga ɗan Kano, mafi nauyin kuɗin yana wajen jirgi ne. Manyan kamfanonin nan ba su da jirgin da ke ɗaukar fasinja daga Legas a kai a kai, saboda haka sai an tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, ko ta Abuja, a bi ta Alƙahira ko Adis Ababa ko wata mahaɗa, zuwa inda jirgin yake: Basalona a Sifen, Jenowa a Italiya, Dubai, Jidda, Doban a Afirka ta Kudu ko Mayami a Amurka. Wajibi ne a isa aƙalla kwana ɗaya kafin ranar tashi, domin jinkirin jirgin sama ba uzuri ba ne a wurin jirgin ruwa, wanda hakan ke nufin kuɗin otal da na mota zuwa tasha.

Biza kuma ita ce ƙashin bayan lamarin. Fasinja yana buƙatar izinin shiga ƙasashen da jirgi zai tsaya, kuma a ƙa'idar kamfanoni nauyin samun takardu a kansa yake, ko da ya ce ba zai sauka ba. Wanda ya zo babu cikakkun takardu ana hana shi shiga, kuɗinsa kuma ya tafi. Zagayen Sifen, Faransa, Italiya da Malta biza ɗaya ta Shengen, wato ta rukunin ƙasashen Turai masu biza guda, ta ishe shi, wadda kuɗinta ya koma yuro 90 a Yunin 2024, ban da ladan cibiyar karɓar takardu, da inshorar da ba ta gaza yuro 30,000 ba, da tafiya Abuja ko Legas don ɗaukar hoton yatsu. Amma idan a tsakiyar zagayen akwai Tunisiya, Turkiyya ko Montenegro, jirgi ya fita daga yankin ke nan ya sake shiga, don haka biza mai shiga sau ɗaya ba za ta yi ba, ga kuma sharaɗin ita ƙasar da aka ratsa. Irin wannan ne ya sa zagayen Karibiyan daga Mayami ya yi wa 'yan Nijeriya wuya, tun da a Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara da take ba su ta shiga sau ɗaya ta wata uku. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida, katin rigakafin shawara kuma ya kasance a hannu, domin ƙasashe irin su Afirka ta Kudu suna nemansa daga wanda ya fito daga Nijeriya.

Mu ƙaddara misali, da adadin da aka zaɓa don sauƙin lissafi kawai. Miji da mata sun ga tallan kwana bakwai daga Basalona a kan dala 700 kowanne, wato 1,400. Haraji dala 150 kowanne ya kai su 1,700, tukwici 252 ya kai su 1,952. Intanet na waya ɗaya 140, abin sha 150, yawon gari sau uku a kan dala 80 kowanne 480, jimla 2,722. Biza da inshora a ce 250, jirgin sama 1,100 kowanne, otal da mota 200. Abin ya tsaya a dala 5,372. Idan dala tana naira 1,500, tafiyar da talla ya nuna a naira miliyan 2.1 ta haura miliyan 8, kuma tikitin jirgin ruwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na jimlar. Daga cikin ƙarin, abin da za a iya tsimi a kansa bai kai dala 800 ba.

Akwai kamfanonin da ke haɗa kusan komai cikin tikiti. Regent Seven Seas yana haɗa yawon gari, abin sha da tukwici, Viking kuma yana ba da intanet da yawo ɗaya a kowace tasha, amma ba ya ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba. Farashinsu ya ninka na gama-gari, kuma giya tana cikin abin da aka lissafa. Wanda ya fi kusa da buƙatar mutanenmu shi ne AROYA, kamfanin Saudiyya da ya fara tashi daga Jidda a Disamban 2024 yana zagaya Bahar Maliya. Babu giya a jirginsa, babu caca, abincinsa halal ne, akwai kuma wuraren salla. Shi ma yana da gidajen abinci na musamman da yawon gari na kuɗi, kuma batun bizar Saudiyya da ta ƙasashen da zai ratsa yana nan.

Abin da ya rage shi ne tsarin biya, wanda yake cin kuɗin mutane tun ba su ga teku ba. Ana fara ba da kuɗin kafin alƙalami, sannan a cika sauran kimanin kwana 75 zuwa 120 kafin tashi, gwargwadon kamfani da tsawon tafiya. Bayan wannan rana, duk wanda ya fasa yana asarar wani kaso da ke ƙaruwa yayin da lokaci ke matsowa, har ya kai ɗari bisa ɗari a makonnin ƙarshe. Tikiti mafi araha kuma sau da yawa kafin alƙalaminsa ba a mayarwa ko yaushe aka fasa. Hana biza ba ya cikin dalilan da kamfani ke mayar da kuɗi a kansu, kuma ba kowace inshora ce ke ɗaukar wannan asara ba. Ofishin jakadanci kuwa yana son ganin shaidar rajistar jirgi kafin ya duba takardu. Mafita ita ce a kama ɗaki da wuri a kan tikitin da ake mayar da kafin alƙalaminsa, ko da ya ɗan fi tsada, sannan a shigar da takardun biza da zarar an buɗe ƙofa. Dokar Shengen ta yarda a nema tun saura wata shida, kuma amsa takan fito cikin kwana 15, wani lokaci ta kai 45. Wanda ya nema a farkon wannan lokaci zai san matsayinsa kafin ranar cika kuɗi ta zo, kuma sai fasfo ya dawo da biza a ciki ne ya kamata ya sayi tikitin jirgin sama wanda ba a mayarwa.